Baƙar Mota a Zafin Bazara

(Kiɗan buɗe shiri)

 

Bazara ta kankama. Daga Sakkwato zuwa Maiduguri, daga Yamai zuwa Damagaram, a watannin Afrilu da Mayu ma'aunin zafi kan haura digiri 40 da rana tsaka. Yau zancenmu a kan mota ne, musamman baƙa, ko mai launi mai duhu irin shuɗi ko toka-toka mai cizawa. Duk mai irin wannan mota ya san halin da ake shiga. Ka fito daga masallacin Juma'a ko daga kasuwa, ka buɗe ƙofa, hucin ciki ya buge ka a fuska. Sitiyari ba ya taɓuwa, kujera na ƙunarka ta cikin riga. Kafin ka yi magana wani ya riga ka: "Ai kai ka ja wa kanka, wa ya aike ka sayen baƙa?"

To, gaskiyar wannan magana nawa ce? An gwada. A shekarar 2011 masana a cibiyar bincike ta Lawrence Berkeley da ke Kalifoniya a Amurka sun ɗauki motoci biyu ƙirar Honda Civic, iri ɗaya sak, ɗaya baƙa ɗaya ruwan azurfa, suka ajiye su a rana a birnin Sakramento. Fentin azurfar yana mayar da kusan kashi 60 cikin 100 na hasken ranar da ya sauka a kansa, baƙin kuwa kashi 5 kacal yake mayarwa, sauran duk ya shanye. Da aka auna rufin motocin, na baƙar ya fi na azurfar zafi da har digiri 25. Amma da aka auna iskar cikin motocin, wato wadda mutum zai shaƙa, bambancin digiri 5 zuwa 6 ne.

Digiri 5 ko 6 ba abin rainawa ba ne, duk wanda ya zauna a motar zai ji shi a jikinsa. Sai dai wannan gwaji ya nuna mana cewa farar mota ma tana ɗaukar zafi sosai, kuma mafi yawan zafin da ke taruwa a cikin mota ba ta fenti yake shiga ba. Ta gilashi yake shiga. Ina so mai baƙar mota ya riƙe wannan da kyau, domin fenti ba abin da za ka sauya yau ba ne, gilashi kuwa yau ɗin nan za ka iya kare shi, da kuɗi kaɗan ko ma ba ko sisi.

Ga yadda abin yake faruwa. Idan gari ya yi garau, rana tsaka, kowace murabba'in mita ɗaya ta ƙasa tana karɓar ƙarfin rana kimanin wat 1,000. Kusan ƙarfin dutsen guga na lantarki ke nan. Gilashin gaban mota kuwa yakan kai murabba'in mita ɗaya ko ya ɗara, ga na baya, ga na gefe huɗu. Hasken rana yana ratsa gilashi ba wahala, ya sauka a kan dashbod da sitiyari da kujeru, su shanye shi su yi zafi. Zafin da suke fitarwa daga baya kuma gilashi ba ya barinsa ya fita yadda ya bar haske ya shigo, iskar ciki ita ma ba ta da mafita tunda an rufe ko'ina. Haka zai yi ta taruwa. Kuma yawancin motocinmu, 'yan Kwatano da 'yan Beljiyam, an ƙera su ne da baƙin dashbod, da yawa ma da baƙaƙen kujerun fata. Ko ina hasken ya sauka, abin da zai shanye shi ya samu.

Akwai wani abu da ya shafe mu musamman a wannan yanki. A layin da Kano take, wajen ƙarshen Afrilu rana takan tsaya daidai tsakar ka da azahar, har inuwar mutum ta koma ƙarƙashin ƙafarsa. A lokacin ba katangar da za ta ba mota inuwa, hasken daga sama yake sauka kai tsaye a kan rufi da gilashin gaba, wanda dama a kishingiɗe yake.

Masana a Jami'ar Jihar Arizona, inda su ma hamada ce mai zafi irin tamu, sun wallafa wani gwaji a 2018. A ranakun da zafin waje ya kai kimanin digiri 38, sun bar motoci awa ɗaya a rana. Iskar ciki ta kai digiri 47, kujeru 51, sitiyari 53, dashbod kuwa 69. Waɗanda aka ajiye a inuwa, bayan awa ɗayan, iskar cikinsu ta tsaya wajen digiri 38, dashbod wajen 48. Ku lura da tazarar, jama'a. Inuwa kaɗai ta rage wa iskar ciki digiri 9, fiye da abin da sauya fenti daga baƙi zuwa azurfa ya rage.

(Gajeren kiɗa)

Saboda haka magani na farko inuwa ce, kuma na san kowa zai ce ai ya sani. Amma neman inuwa ma yana da dabara. Inuwa tafiya take yi. Ka zo ofis da hantsi, ka ga inuwar darbejiya ta faɗi yamma da bishiyar, ka shige da motarka ka yi tafiyarka. Kafin azahar inuwar ta janye, da la'asar tana gabas, motarka kuwa ta wuni a tsakiyar rana. In za ka daɗe, duba inda inuwar za ta koma a lokacin da rana ta fi ƙuna, daga ƙarfe 12 zuwa 4. Wato ka ajiye motar a gindin bishiyar sosai, ko ta gabashin bishiya ko gini. Bishiya mai faɗin kai da yawan ganye ake nema, darbejiya, mangwaro, maɗaci, ceɗiya. A karkara gawo ma yana da rana, domin shi da rani yake da ganye, lokacin da wasu suka kaɗe nasu. Giginya kam, Hausawa sun riga sun faɗa, na nesa ka sha inuwarta. Abu ɗaya da za a kiyaye a gindin bishiya shi ne kashin tsuntsu da na jemage da ƙaro, suna cin fenti idan rana ta gasa su a kai, kuma a baƙar mota tabon ya fi fitowa. A wanke su da wuri.

Wanda ke da fili a gidansa, rumfa ta fi komai. Ba sai ta kwano da ƙarfe ba. Rumfar zana ko ta kara tana aiki sosai, har ta fi kwano maras tsawo sanyi, domin iska na ratsa ta. In kwanon ne, a ɗaga shi sama, a bar gefe a buɗe. Ina kuma roƙon masu makarantu da asibitoci da masallatai da kasuwanni, in za a share fili don ajiye motoci, a daina sare bishiyoyin da aka tarar. A shuka wasu ma.

In inuwa ta gagara, sai ka juya wa rana baya. Da yamma rana tana yamma, to gaban motar ya kalli gabas. Gilashin gaba ya fi kowanne girma, kuma a ƙarƙashinsa dashbod da sitiyari suke.

Sai rufe gilashin. Akwai abin tare rana mai ƙyalli da ake naɗewa, ana samunsa wajen masu sayar da kayan mota, har a danja yara kan zagaya da shi. Ɓangaren mai ƙyallin ne ke kallon waje, don ya mayar da hasken ta inda ya shigo. A sayi wanda ya cika gilashin daga gefe zuwa gefe, ƙarami rabin aiki yake yi. Wanda ba shi da halin saye, kwali ya isa, tsohuwar tabarma ta isa, farin zane ya isa. Kuma abin da aka shimfiɗa ta waje, aka danne da abin share gilashi ko aka maƙale da ƙofa, ya fi na ciki aiki, saboda ya tare hasken tun bai ratsa gilashi ba. Na ciki kuwa hasken ya riga ya shigo, wani ɓangare kawai yake korawa. Direbobin tasha sun daɗe da sanin wannan, shi ya sa za ka ga kwali a fuskar motocin da ke jiran layi. Kada kuma a manta da gilashin baya da na gefen da rana ke dukansa.

Rigar mota, wadda ke lulluɓe ta gaba ɗaya, ita ce ta fi dacewa da baƙar motar da za ta wuni a waje, domin ta rufe gilashi ta rufe fenti. A zaɓi fara ko mai ruwan azurfa. A kaɗe ƙura kafin a sa, in ba haka ba iska na kaɗa rigar, yashi na goge fenti.

A ciki kuma, a lulluɓe abin da jiki ke taɓawa. Farin tawul ko zanen auduga a kan kujerar fata, wani a kan sitiyari. In ba ka da abin rufawa, juya sitiyarin kafin ka fita yadda samansa zai koma ƙasa, in ka dawo inda za ka kama yana inuwa. Iyaye mata, a taɓa ƙarfen bel da hannu kafin a ɗaura wa yaro, yana iya sale fata.

Sauke gilashi kaɗan fa? Mutane da yawa sun dogara da shi. Wani bincike da likitocin Jami'ar Stanford suka wallafa a 2005 ya gano cewa zafin cikin mota kan ƙaru da kimanin digiri 22 a cikin awa ɗaya, kashi 80 cikin 100 na ƙaruwar a rabin awar farko, kuma sauke gilashi kaɗan bai kawo wani sauyin kirki ba. Ga ƙura, ga ɓarawo. In wurin amintacce ne ka bar shi, ba laifi, amma kada ka ɗauka ka yi maganin zafi.

Sai batun baƙin gilashi. Kusan rabin ƙarfin rana yana zuwa ne cikin wani haske da ido ba ya gani, fata ce ke jin sa a matsayin ɗumi. Ledar gilashi mai arha, wadda rini ne kawai, tana dusashe hasken da ido ke gani, amma ba lallai ta tare wancan ba. Cikin mota ya yi duhu, zafi na nan. Akwai leda mai inganci da aka yi musamman don tare ɗumi, wasunta ma kusan garau suke, sai dai sun fi tsada. Kuma a Najeriya akwai dokar baƙin gilashi tun 1991, sai da izinin 'yan sanda, don haka a bincika halin da ake ciki kafin a kashe kuɗi. Ni dai ba na goyon bayan a baƙanta gilashin gaba da na gefen direba. Da dare a titunanmu akwai mai babur ba fitila, akwai mai kura, akwai yaro mai tsallakawa. Direban da ba ya gani da kyau, sanyin da ya samu bai kai haɗarin da ya ɗauko ba.

Masu tunanin sauya fenti gaba ɗaya, ko mayar da rufin kawai fari kamar yadda ake yi wa wasu motocin safa, yana ragewa, amma a tuna launin mota yana rubuce a takardunta, sai an je ofishin lasisi an gyara.

(Gajeren kiɗa)

Yanzu ka dawo, mota ta riga ta ɗau zafi. Kuskuren da aka fi yi shi ne a faɗa ciki, a rufe ko'ina, a ƙure esi, wato na'urar sanyaya mota. Iskar ciki a lokacin ta fi ta waje zafi nesa ba kusa ba, ka ga ka ɗora wa na'urar aikin da iskar Allah za ta yi maka kyauta. Fara buɗe ƙofofi na ɗan lokaci. Ko ka sauke gilashin gefen fasinja, ka zo ƙofar direba ka yi ta buɗewa da turawa sau biyar ko shida, a hankali ba da bugu ba, za ta tura iskar mai zafi waje. Sannan ka tashi motar, ka kama hanya gilasai a sauke, esi a kunne yana jan iskar waje. Esi ya fi sanyi in mota na tafiya. Bayan minti biyu ko uku ka ɗaga gilasai, ka danna maɓallin nan mai hoton mota da kibiya a lanƙwashe a cikinta, wanda ke sa na'urar ta riƙa juya iskar ciki. Daga nan iskar da ta riga ta sanyaya take ƙara sanyayawa. A doguwar tafiya da mutane da yawa, a riƙa sakin maɓallin jefi-jefi sabuwar iska ta shigo, don kada barci ya kama direba.

Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, mutane da yawa sun yaye wa kansu esi, kuma ba wanda zai zarge su. Amma wannan ƙarin dalili ne na kula da inuwa da rufe gilashi: motar da ba ta ɗau zafi sosai ba, na'urarta ba ta wahala, man da take sha ma ya ragu.

In esi ba ya sanyi, kada a yi saurin cewa gas ya ƙare. Gas ɗin esi ba ƙonewa yake yi kamar fetur ba, a rufe yake yana zagayawa. In ya ragu, to akwai inda yake zurara, kuma wanda ya ƙara maka ba tare da ya nemo wurin ba, za ka dawo masa. Sau da yawa ma ƙura ce. Bayan hunturu, kwandansa da ke gaban lagireto takan toshe da ƙura da ƙwari, matatar iskar ciki, wadda a yawancin motoci take bayan akwatin da ke gaban fasinja, ita ma ta cika. A wanke waccan, a sauya wannan, a duba ko fanka na juyawa. Kada a watsa ruwan sanyi a gilashin da ya ɗau zafi, musamman mai ɗan tsagu, yana iya dārewa. Kada kuma a kwanta barci a mota da inji a kunne cikin rufaffen gareji. Hayaƙin salansa yana ɗauke da iskar guba marar wari, tana kashewa mutum bai farka ba.

Akwai kayan da bai kamata su wuni a mota ba. Laita. Turaren fesawa da maganin sauro na gwangwani, ku duba jikinsu, an rubuta kada zafi ya wuce digiri 50, dashbod kuwa mun ji yana kaiwa 69. Waya da fawa-bank, batirinsu na kumbura, wani lokaci ya kama wuta. Sai magani. Yawancin magunguna an rubuta a ajiye su ƙasa da digiri 25 ko 30, kuma allurar insulin ta masu ciwon suga zafi na kashe ƙarfinta ba tare da kamanninta sun sauya ba. Alhaji, Hajiya, in an karɓo magani daga asibiti, a shiga da shi duk inda za a shiga.

Saura magana mafi nauyi, kuma ina roƙon duk wanda hankalinsa ya rabu ya dawo da shi nan. Duk dabarun da na lissafa, inuwa, kwali, leda, farin fenti, babu ɗaya da ke mayar da motar da aka ajiye wurin da za a bar yaro. Jikin ƙaramin yaro yana ɗaukar zafi sau uku zuwa biyar fiye da saurin na babba. In zafin jikinsa ya kai digiri 40, ya shiga haɗari, in ya ƙara kaɗan kuma ƙwaƙwalwa da sauran kayan ciki sun fara lalacewa. Ku tuna da rabin awar nan ta farko. "Bari in shiga banki in fito," "yanzu zan karɓo saƙo," "barci yake yi, kada a tashe shi." Layin banki bai san ka bar yaro a mota ba. A Amurka, inda ake ƙirga irin wannan tun 1998, yara kusan 37 ke mutuwa a kowace shekara ta wannan hanya, kuma fiye da rabinsu mantawa aka yi da su a kujerar baya. Iyaye ne masu son 'ya'yansu, gajiya da sauyin tsarin rana suka sa suka sha'afa. Don haka in ka ɗauki jariri ko yaro mai barci a baya, ajiye wayarka ko jakarka kusa da shi, abin da ba za ka fita ba sai da shi. Direban motar makaranta, bi kujeru ɗaya bayan ɗaya har ta ƙarshe kafin ka kulle.

A wajenmu kuma akwai wata ƙofar da ita ma take kawo musiba: motar da aka jingine. Ta lalace, an tura ta lungu ko ƙofar gida ko bakin gareji, ba a kulle ba. Yara su shiga wasan direba, ƙofa ta rufe, hannun buɗewa ya lalace ko makullin yara na baya ya hana. A watan Disambar 2021, a yankin Badagiri na jihar Legas, an samu gawarwakin yara takwas a cikin wata mota da aka ajiye. Allah Ya jiƙansu, Ya ba iyayensu haƙuri. Duk mai mota a ajiye, mai tashi ce ko matacciya, ya kulle ta, har but, ya ɗauke makulli inda yaro ba zai kai ba. In yaro ya ɓace a unguwa, kafin a tafi cigiya wajen mai unguwa, a fara leƙa motocin da ke kusa. A koya wa yara kuma, in sun maƙale a mota, su danna oda kada su saki. Dabba ma rai ce: rago ko kajin da aka sayo a kasuwa, kada a rufe su a but a tafi wata hidima.

In kuwa ka ga yaro a rufe a mota, yana numfashi sama-sama ko ba ya motsi, kada ka tsaya neman mai ita. Ka kira jama'a, a fasa gilashin da ya fi nisa da yaron, a fito da shi inuwa. A cire masa kaya, a yi ta zuba masa ruwa mai sanyi a jiki ana yi masa fifita, a sa jiƙaƙƙen tsumma a wuya da hammata da matsematsi. In ba ya cikin hayyacinsa, kada a ɗura masa ruwa a baki, zai iya shaƙewa. A kwantar da shi ta gefe, a garzaya asibiti ana ci gaba da jiƙa shi a hanya. Ko da ya farfaɗo ya ce ya ji sauƙi, a kai shi likita ya duba.

A nan za mu dakata, jama'a. Allah Ya kawo mana damina lafiya, Ya tsare mana zuri'a. Sai mun sake saduwa a shiri na gaba. Wassalamu alaikum.

(Kiɗan rufe shiri)